Takardu Uku da Ke Akwatin Auta

4 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani, ta mai da hawa benen ofis aiki na musamman. Inna ta ji sauƙi, tana cin abinci, tana faɗa da kowa, ka kuwa san a wurinta wannan ita ce alamar lafiya.

Mun gan ka a talabijin ranar Asabar, da baƙin gilashinka. Da mai tambayar ya ce an ce ka daɗe kana aikin leƙen asiri kafin ka fara rubuta littattafai, sai ka yi murmushin nan naka ka ce ba za ka iya magana a kai ba. Inna ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Wannan ɗin? Wanda tsaka ke korowa daga banɗaki ba wando?" Na yi dariya har da hawaye, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a wannan mako.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san ba na faɗin magana mai nauyi a waya, ni ma'aikaciyar ɗakin fayil ce, abin da ba ya kan takarda iska ne. Ka tuna babi na tara a littafinka na goma, inda jaruminka Mai Lema ya shiga ɗakin fayil lokacin da ma'aikata suka fita cin abincin rana, ya zare fayil, ya bar katin fita a gurbinsa da sa hannun da ba ya karantuwa? To, haka aka yi mana a watan jiya. Fayil ɗin kwangilar gada ya ɓace, ga kati a gurbinsa, sa hannun kamar kaza ta yi tsere a kai.

Ranar Litinin mutum biyu suka shigo min da littafinka, an lanƙwasa shafin. Suka ce kowa ya san ƙanena ne marubucin, to ni na fitar da sirrin ofis. Sun karɓe makullin da na riƙe shekara talatin da ɗaya. Yanzu a baranda nake zama, kan wani tebur mai ƙafa uku da rabi, waɗanda na koya wa aiki suna wucewa suna kallon silin. Kwamiti zai zauna ranar 9 ga Afrilu. Saura wata bakwai in yi ritaya, kuma na rantse ba zan fita daga ginin nan da sunan maciya amana ba.

Sun bar jaki suna dukan taiki. Sau uku na rubuta wa Darakta cewa tsarin katin nan ƙofa ce a buɗe, a kawo rajista, a riƙa duba sa hannu. Kowace takarda sakatariyarsa ta buga wa kwafina hatimin karɓa. Ta ukun shi da kansa ya rubuta a kai da koren biro, "An gani. Babu bukata." Na je neman na ofis, wai ba a gan su ba. Nawa kuwa suna wurinka. Ranar da ya dawo min da ta ukun na fusata, na ce tunda gabansu bai yi amfani ba bari bayansu ya yi, na juya su na rubuta maka gyaran babi na tara a kai. Na san ba ka zubar da takarda. Ka buɗe akwatunanka ka aiko min da su, na ainihin.

Yayarka

15 ga Maris

Yaya,

Na sami wasiƙarki, hankalina ya tashi matuƙa. Muna lafiya, sai idona da likita ya ce in rage karatu, kamar ya ce wa kifi ya rage ruwa. Ki gaishe da Inna, ki ce mata tsakar nan ba ƙarama ba ce, ni na gan ta.

Na sami takardun uku, suna cikin akwati na goma. Ga fotokwafinsu nan na haɗo miki, hatimin ya fito sosai, koren biron ma ana karantawa. Gaban kawai na sa aka ɗauka, don shi ne abin da kwamiti ke bukata.

Yaya, ki saurare ni da kunnen basira. Bayan takardun nan ba gyara ba ne kawai. Babi na tara ne sukutum, da hannunki, da jan bironki, tun daga shigar Mai Lema har fitarsa. Wannan babin shi ake karantawa a duk taron da na je. In takardar ta shiga hannun kwamiti, mutum bakwai za su gani, kowanne yana da mata ko miji, kafin sati ya zagayo tana shafin farko na jarida.

Ba ni na ƙirƙiri maganar leƙen asirin nan ba, kin sani. Ina mai duba kurakurai a maɗaba'a, fitila ta cinye min ido, likita ya sa ni baƙin gilashi. Littafina na farko da na rubuta ni kaɗai, kamfani biyar suka dawo min da shi. Na biyu da kika sa hannu ya fita, wani ɗan jarida ya rubuta cewa ba mai sanin cikin ofisoshi haka sai wanda ya yi aikin. Ya tambaye ni, na ji kunyar in ce yayata ce, na ce ba zan iya magana a kai ba. Jimla ɗaya ce, ita ta ɗauke ni shekara goma sha tara. An juya littattafan zuwa harsuna shida, kuma edita ya gaya min ƙarara cewa rabin masu saye mutumin suke saye, ba labarin ba.

Ga shawarata. Zan rubuta wa kwamitin, da sa hannuna, cewa dabarar katin na san ta tun lokacin da nake wancan aikin, ke ba ki taɓa gaya min komai ba. Wa zai ƙaryata ni? Masu wancan aikin ba sa fitowa su ce wane namu ne, wane ba namu ba. Ke ki fita fes, ni in zauna yadda nake. Ƙaryar da ta ciyar da mu shekara da shekaru, bari yau ta yi mana rana.

Autanku

23 ga Maris

Auta,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan, Inna tana nan. Na gama gaisuwa.

Na kai fotokwafinka wurin sakataren kwamiti. Ya ɗaga shi sama da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Hajiya, wannan ai ko ɗana zai haɗa shi a kwamfuta. Ki kawo mai tawada." Gaskiyarsa ce, ni ma da ni ce a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Ni na koya masa.

Shawararka kuwa, na karanta ta sau biyu don in tabbata daga cikin Inna ka fito. Wato in tsaya gaban mutum bakwai in ɓuya a bayan ƙarya, alhali gaskiyata tana da hatimi har uku? In na bi taka, an wanke ni daga fitar da sirri, amma Darakta ya tsira, katin banzan nan ya ci gaba, kuma a tarihin ofis ni ce matar da aka sace fayil a hannunta ba ta taɓa cewa uffan ba. Ban yi shiru ba, Auta. Na yi magana sau uku, a rubuce.

Kuma ka daina cewa ƙaryar ta ciyar da mu. Kai ta ciyar. Ni tafiretata ce ta ciyar da ni, da ita na buga maka littafi tara bayan na taso daga aiki, yatsuna suna zafi, ban taɓa neman a san da ni ba. Har yau ban nema ba. Lokacin da ka sa Mai Lema ya buɗe kabad ɗin gwamnati da allura, wa ya gaya maka ba mai wahalar da kansa haka, makullin yana cikin gwangwanin sukari a kan taga? Lokacin da ka sa shi ya tsallake katanga, wa ya ce maka ya riƙe fayil a hammata ya bi ta babbar ƙofa, mai gadi zai ma sara masa? Na yi maka don kai ƙanena ne, kuma don ina jin daɗin abin. Ban san ina gina maka ɗakin da za ka kulle ni a waje ba.

Ban ji kunyar bayan takardar nan ba. Abin da na rubuta a baya shi ne abin da na rubuta a gaba, sai dai ɗaya na sa masa "Ranka ya daɗe", ɗaya na sa masa mutum mai lema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba Mai Lema nake nema ba, ƙanena nake nema, wanda na goya har bayana ya yi kanta.

Saura kwana goma sha bakwai.

Yayarka

3 ga Afrilu

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina leƙa akwatin gidan waya, ba komai sai ƙura. Shiru ma magana ce, na kuwa ji ta.

Ka riƙe takardunka. Zan shiga da bakina da ƙafata ɗaya mai lafiya, in faɗi abin da na sani, in sun kore ni su kore ni a tsaye. Na wanke mayafina mai ruwan toka na goge, shi zan sa. Inna ta tambaye ni me ka ce, na ce mata aiki ya yi maka yawa. Ka ga ni ma ka koya min ƙarya, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

Yayarka

2 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Ban sani ba ko wannan za ta riga ranar kwamiti isowa, shi ya sa ban haɗa ta da takardun ba. Su na ba direban babbar motar safa hannu da hannu, na ce in ya ɓatar da su ya nemi wata ƙasar. Za su iso tasha ranar 7 ga wata, ambulan ruwan ƙasa, uku cif, gaba da baya.

Ki yafe min shirun. Da na karanta wasiƙarki na fusata, na ce bari in buɗe akwatunan duka in nuna miki cewa jan bironki bai kai yadda kike faɗa ba. Na baje su a falo, mai ɗakina tana tsallake su tana tsaki. Kwana shida ina karatu. Yaya, akwai shafin da in aka cire ja, abin da zai rage bai fi "sai ya shiga" da "sai ya fita" ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Amma na ga wani abu kuma. Duk inda Mai Lema ya tsaya a bayan ƙofa tsoro ya kama shi, yana addu'a kar a juyo, ba ki taɓa sa biro a wurin ba. Ko ɗigo. Ashe akwai abin da na sani wanda ba a koya min ba.

Na je wurin edita na gaya masa. Ya rufe ƙofa, ya ce in yi tunani, littafi na goma sha ɗaya yana kan hanya, an riga an zana bangonsa da hotona da gilashi. Ya ce masu karatu ba sa yafe wa wanda ya yaudare su. Na ce to su yi fushi, yayata tana zaune a baranda kan tebur mai ƙafa uku da rabi. Ya ce ƙila su fasa bugawa. Na ce kamfani biyar sun taɓa dawo min da littafi ban mutu ba. A tsorace na faɗa, kar ki ɗauka na zama jarumi.

Ban jira jarida ta tono ni ba. Na kira ɗan jaridar nan da ya fara maganar, ya tsufa yanzu, na cire gilashin na ajiye a teburinsa, na ce yau zan iya magana a kai. Labarin zai fito ranar Lahadi. Ki ɓoye wa Inna, ko kuma ki karanta mata, ta daɗe tana jiran ranar.

In littafin ya fito, ina so sunanki ya hau bango tare da nawa.

Autanku

11 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan idonka ya yi sauƙi. Gwiwata ta kumbura don na hau benen nan sau huɗu shekaranjiya, ban kuma ji zafinta ba sai da na dawo gida. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Wadda na ce ka riƙe takardunka, ka yaga ta. A'a, kar ka yaga, ka sa ta a akwati, ta zama shaida a kaina.

Ambulan ya iso. Na shiga da shi a jaka, na zauna a ƙarshen dogon tebur, su bakwai, Darakta a gefe yana wasa da koren bironsa. Shugaban kwamitin ya ɗaga littafinka ya ce, "Hajiya, kin san wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na buga shi."

"Kin yarda ke kika gaya wa marubucin yadda ake fitar da fayil a ofishin nan?"

"Na yarda. Amma wannan shi ne karo na huɗu da na faɗa. Ga na farko, ga na biyu, ga na uku." Na jera takardun a gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Ya sa gilashi ya karanta, ya shafa hatimin da yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Da aka zo kan "An gani. Babu bukata", sai na ga Darakta ya zura bironsa cikin aljihu a hankali. Ya ce ai takardu da yawa suke zuwa teburinsa, ba zai tuna kowacce ba. Na ce, "Shi ya sa ake ajiye fayil, ranka ya daɗe."

Wata mata a cikinsu ta hango ja ta bayan takardar, ta ce mene ne wannan. Ban jira ta juya ba, na juya da kaina. Na ce, "Babi na tara ne. Na rubuta wa ofis sau uku ba wanda ya karanta. Na rubuta a littafin labari, ɓarawo ya karanta. Ku gaya min wanda ya fi kula da aikinsa." Sakatare ya sunkuyar da kai yana tari, na san dariya ce.

Shugaban ya daɗe yana kallon jan rubutun. Ashe yana da littattafanka duka a gida. Ya ce, "Wato ke ce Mai Lema?" Na ce, "A'a. Ni na san kabad, ƙanena ya san tsoro. In babu nasa, nawa takardar ofis ce kawai, kun kuwa ga yadda ake yi da takardar ofis."

Ba su bar ni haka ba, sun rubuta min gargaɗi kan fitar da kwafin takardun ofis zuwa gida, na sa hannu, don wannan kam na yi. Maganar cin amana sun soke ta. Neman fayil ɗin gada ya koma wani bene, ba nawa ba. Jiya da safe sakatare ya kawo min makulli har baranda. Na ce ya ajiye a teburin, ba zan taɓa shi ba sai an kawo rajista. Kafin azahar ta iso, sabuwa dal, mai baƙin bango. Mutum na farko da ya zo neman fayil Darakta ne, na juya masa ita na miƙa masa biro, na tsaya a kansa har ya rubuta sunansa yadda zai karantu.

Na karanta wa Inna jaridar Lahadi. Ta sa na maimaita inda ka ce ba ka taɓa leƙen asirin kowa ba sai na tukunyarta. Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, ta ce idonka ya fi kyau ba gilashi. Na san wasu za su zage ka, wasu za su daina saye. Ban da abin da zan ce maka a kan wannan sai dai na ji daɗinka, Auta, fiye da ranar da aka fara buga littafinka.

Ga babi na ɗaya na sabon littafin, wanda ka aiko min daga baya, na dawo maka da shi. A shafi na shida ka sake ba Mai Lema allura. Shekara goma sha tara ina gaya maka makullin yana cikin gwangwanin sukari. Shafi na takwas kuwa, inda yake tsaye a ƙofar yayarsa ya kasa ƙwanƙwasawa, ban taɓa ba.

Maganar bango na yarda. Amma nawa a sama, na girme ka da shekara tara.

Yayarka